Majanyin Inna a Jidda

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Zamfara na bar Kauran Namoda zuwa Jidda, aikin raino a gidan wasu Larabawa. Ranar tafiya Inna ta cusa mini tsohon majanyinta a jaka, saƙin da ta saya a kasuwar Shinkafi, wanda ta goya mu da shi duka. Na ce me budurwa za ta yi da majanyi?

"Ke dai tahi da shi," in ji ta. "Ɗiyan Larabawa ma kuka su kai."

Ashe ni zan fara kukan. Gidan ga sanyi ga tsabta, amma ba sallamar maƙwabta, ba ƙarar turmi. Idan kewa ta taso mini sai in shige ɗaki in tusa hancina cikin majanyin. Hayaƙin madafinmu yana jikinsa, da man shanu. Shi ke nan abin da ya rage mini na gida, ko ruwa ban yarda ya taɓa shi ba.

Jaririyar da nake raino kuwa gwanar tsala ihu ce. An saya mata keken turawa da gadon lilo, duk a banza. Wata rana da hantsi raina ya ɓaci, na sunkuce ta na saɓa a baya, na ɗaure da majanyin, na ci gaba da shara. Kafin in gama falo ta yi barci. Uwar ta shigo ta riƙe baki, wai na ɗaure mata 'ya kamar buhun gero. Da ta leƙa fuskarta sai ta fita da sanɗa.

Washegari na nemi majanyin na rasa. Can sai ga uwar ta kawo shi a wanke, a goge, yana ƙamshin sabulu, tana murmushi, wai ta yi mini gwaninta. Na karɓa na yi godiya, na shiga banɗaki na sha kukana. An wanke mini Kaura tas.

Da na fito sai na tarar da ita ta duƙa tsakiyar falo, jaririyar tana zamewa daga bayanta, tana roƙona in koya mata. Dariya ta ƙwace mini, ta farko tun zuwana. Na gyara mata kafaɗa, na ɗaura mata majanyin, na nuna mata inda Inna take ƙullewa.

Bayan an kwana biyu na sake sunsuna majanyin. Ƙamshin kan yarinyar ya kama shi, na kuwa ji sanyi a raina.