Ƙasar Garwa Take So

Mun tashi ana sallame sallar asuba, ni da ƙanwata, ko kunu ba mu tsaya sha ba. Ku da kuka ga na fita fuska a murtuke, kuka yi ta tambayar yara ina na nufa, to ga amsarku: Bibemi na je, kuma ɗauko 'yata na je yi.

Waya ce ta tayar da ni. Autata tana aure a can, wurin wani Bafillace mai sayar da maganin dabbobi. 'Ya'yanta biyu, ga cikin na uku ya tsufa. Ana gobe za mu tafi mijin ya kira ni, shi da ba ya kirana sai da salla. Ya san ina jin Fillanci kamar kowane ɗan Garwa, amma don girmamawa Hausa yake yi mini, Hausar kasuwar shanu, wadda ta isa ciniki ba ta isa magana ba. Bayan doguwar gaisuwa ya ce, "Dada, ɗiyarki tana kuka kullum. Ƙasa take so. Ƙasar Garwa." Kafin in ce me aka yi mata, rezo, wato layin waya, ya ɗauke. Aka kira, aka sake kira, shiru. Ni kuwa na san abin da na haifa. Yarinyar da kwalba ta yanke wa ƙafa tana ƙarama, aka ɗinke ba ta yi hawaye ba, in yau tana kukan gida, to an kai ta bango. Na faɗa wa wasunku, matan layinmu, cewa zan dawo da ita ɗakina, mai son aurenta ya biyo ta da bayani.

A tasha mun tarar kuɗin mota ya ƙaru, motar kuma ta ƙara tsufa. Kujerar mutum huɗu aka danna mana mu biyar, na shida buhun albasa ne. Ƙanwata, wadda ko gidan rasuwa za ta sai ta yi guzuri, ta sayi makala, wato fanke, da ƙosai ta ɗora a cinya. Ta miƙo mini na kau da kai. Kusa da ni wata yarinya ce da goyo, yaron yana motsi sai ta miƙa masa waya ya yi ta latsawa da yawu. Na daure har muka wuce dutsen Tingilin, sannan na ce, "'Yar nan, nono yake nema, ba kiɗa ba." Ta harare ni, amma ta ba shi, ya yi barci har Pitowa.

Shingen jandarma kuwa sai ka ce shuka su ake yi da damina. Kowanne a sauka, a nuna kat, wato katin shaida, a koma a matsu. Tawa tana cikin leda, ledar tana cikin lalita, lalitar tana inda ba mai kaiwa. Wani yaron jandarma ya daɗe yana duba hoton yana duba ni. Na ce masa ni ce, a lokacin haƙorana suna nan. Ya yi dariya ya miƙo mini da hannu biyu. Na ga alamar an yi masa tarbiyya a gida.

Daga Pitowa muka rabu da kwalta. Damina ta cinye hanyar, ramin da mota za ta shiga sai ka daina ganin gonar gefe. Amma gonakin sun yi kyau, ba zan ɓoye ba: masara ta bushe a tsaye, dawa ta sunkuyar da kai, auduga ta fara fashewa. A wani mayo, wato rafi, aka ce kowa ya sauka a tura. Maza suka naɗe wando, mu muka tsallaka da takalma a hannu, ruwan har gwiwa. A Adumri warin shanu ya tare mu tun daga nesa. Kindirmon wurin mai kauri ne, cokali na tsayawa a ciki, kuma kuɗin da za ka sha ƙoƙo ɗaya a Garwa nan sai ka sha biyu. Ƙanwata ta sha uku. Ni dai tsara maganar da zan yi wa surukina nake yi a raina, har na kai inda zai ba ni haƙuri in ƙi.

Azahar ta gota muka isa, kuma da gangan ban aika cewa muna tafe ba. Gidan da bai san da baƙo ba shi ke faɗin gaskiya. Tun daga ƙofa na fara dubawa. An share. Randa a rufe, moɗa a kife a kanta. Kayan yara a kan igiya, an wanke su har sun fita. Jikana namiji ya fara ganina, ya ruga yana ihu da Fillanci wai kaka ta zo. Daga cikin ɗaki na ji muryar uwarsa: "Da Hausa." Ya dawo ya durƙusa ya ce, "Sannu da zuwa, Kaka." Na ce, "Maigida, haka ake tarbar amarya, ba ko kuɗin cefane?" Ya ce shi ya sake ni tun bara. Ƙanwarsa, takwarata, wadda uwar ke kira Ummi don kada ta ambaci sunana, ta leƙo ta bayan turmi da yatsa a baki.

Sai ga 'yata ta fito tana riƙe da ƙugu. Cikin ya yi gaba, ita ta yi baya. Fuska ta faɗa, leɓe ya yi fari. Zuciyata ta ce, ka gani ko.

"Inna! Lafiya? Wa ya rasu?"

"Ba wanda ya rasu. Haɗa kayanki da na yaran."

Ta kawo ruwa na ƙi taɓawa. Uwar mijin, wata siririyar tsohuwa mai yawan gaisuwa, ta fito tana tambayar gida da hanya da gajiya, ina amsa mata da ka. Aka aika kasuwa aka kira surukin nawa. Ya tuɓe takalmi tun daga zaure, ya tsuguna can nesa, kai a ƙasa. Na buɗe baki zan fara, sai ya riga ni, murya cike da murna.

"Dada, kin sha wahala. Kin zo da ita?"

"Da wa?"

"Ƙasar." Ya haɗa yatsu ya kai baki yana tauna iska. "Fara ɗin nan, ta babbar kasuwa."

Ƙanwata ce ta fara ganewa. Ta yi dariya har ta zame daga kan tabarma, tana cewa, "Yaya, kalaba! Farar ƙasa! Kwaɗayin ciki ne muka tsallako mayo a kansa!" 'Yata ta ja mayafi ta rufe fuska. Uwar mijin, da aka fassara mata, ta kama baki. Shi kuwa bawan Allah sai duban mu yake yi ɗaya bayan ɗaya, bai san ya kusa rasa mata ba.

Ni ban yi dariya ba. Ruwan dai na sha, don na ga babu laifin da zai hana. Amma na ce maganar tafiya tana nan. Kuskuren kunne daban, farin leɓe daban. Mace mai cikin wata takwas da ke kuka kullum, ga asibitin kirki can Garwa, ga hanya irin wadda na gani, ba zan bar ta a nan don an ba ni dariya ba. Da muka keɓe a ɗaki na ce mata, "Garin nan duk ƙasa ne. Me ya hana ki ci har kike kuka?"

Ta ce tun cikin yana ƙarami abin ya kama ta, har bangon bayan ɗaki ta fara ɓantara. Da ta je awo ungozoma ta ce jininta ya yi ƙasa sosai, kuma cin ƙasar yana hana maganin ƙarin jini aiki. Ta ce ko wannan bai tsayar da ita ba. Abin da ya tsayar da ita, wata safiya ta juyo ta ga Ummi a bayanta, baki cike da jar ƙasa, tana kwaikwayonta. Ranar ta yi alkawarin dainawa. Mijin kuma ba ya iya ganin hawayenta, kullum sai ya shigo da ƙullin ƙasa daga kasuwa. "Shi ne na ce masa ni ta Garwa kaɗai nake so, Inna, don na san ba zai same ta ba ya ƙyale ni. Ban san ke zai tayar ba."

Na ce na ji. Zan zauna in gani da idona, sannan in yanke.

Na zauna kuwa, kuma ba hutawa na yi ba. Na ga tana tashi ta dama kunu, ta yi wa yaran wanka, ta duba bayan kunne da tsakanin yatsu yadda ake dubawa. Namijin ya tafi allo da sassafe, ya dawo ya sa rigar lakwal, wato makarantar boko. Maganinta tana sha ba sai an tuna mata ba, tana yatsina fuska. Miyar zogale da hanta ba ta yankewa a gidan, ashe mijin ke kawowa daga Adumri. Uwar mijin ta hana ta taɓa taɓarya da guga, in ta gan ta kusa da rijiya sai faɗa. Na ga laifuffuka, kada ku ce an saye ni. Tuwonta ya cika laushi. Sumar yaron ta isa aski. Mijin yana goya Ummi a wuya ya zaga da ita tsakar gida a gaban mutane, abin da ban taɓa gani wurin uban 'ya'yana ba, kuma har yanzu ban san ko ya yi mini daɗi ba. Amma yaran nan ba sa karɓar abu da hagu, ba sa tsallake babba, kuma a garin da ba ka jin Hausa sai ranar kasuwa, bakinsu ya fi na wasu jikokina na Garwa.

Duk da haka raina yana kan tafiya da ita, sai ranar da aka yi ruwan ƙarshe. Da la'asar ne, ɗan yayyafi, bai ko jiƙa zane ba. Amma duk wadda ta taɓa ciki ta san ƙamshin da ƙasa ke yi in yayyafi ya taɓa ta. Muna zaune a rumfa na ga 'yata ta ajiye tsintar shinkafa. Ta miƙe kamar an kira ta, ta je jikin katanga ta tsaya. Ta ɗora tafin hannu a kan bangon. Hawaye na zuba, muƙamuƙinta na motsi, bakin ba komai. Ƙanwata za ta tashi na danne mata gwiwa. Can sai ta janye hannun ta naɗe shi cikin zane.

Tana juyowa, Ummi ta riga ta tsuguna ta ɗauki ɗan curi za ta kai baki. Uwar ba ta yi tsawa ba. Kallo ɗaya ta yi mata, da idon da bai gama bushewa ba. Yarinyar ta saki curin, ta goge hannu a riga. Yayan, da ke shirin shiga taɓon bakin rijiya da ƙafa, shi ma ya fasa, alhali ba shi aka kalla ba. Ƙanwata ta matso kunnena ta ce, "Yaya, wannan ai idonki ne."

Na shiga ɗaki na fara ninke kayana. 'Yata ta biyo ni ta tsaya a bakin ƙofa.

"Inna, in haɗa namu?"

"Ki haɗa ki kai ina? Zauna a ɗakinki. Watanki na tsayawa zan dawo, mu je asibiti tare tun kafin naƙuda, ruwan wankanki ma ni zan dafa. In da magana ke za ki kira ni. Kada ki sake ki ba mijin nan naki wayar."

Ta yi dariya tana share ido. Shi kuma da ya zo sallama na ce masa daga yau ya yi mini Fillanci, na yafe girmamawar.

Dawowa ta fi zuwa sauƙi, ko don mayon ya janye, ko don na yarda na ci makala. An haɗa mu da man shanu, da busasshen kifi, da zabuwa mai rai wadda ta yi wa jandarma tsiwa a kowane shinge. Muna shiga layinmu na tarar da ku a ƙofar gida, kuna leƙen bayana, kuna neman mai ciki da 'ya'ya biyu da akwati. Wata a cikinku ta kasa haƙuri ta ce, "Hajiya, ina take?"

Amsar da na ba ta ita zan ba kowa. Na tafi ina ganin yarinya zan ceto, don a idona har yanzu ita ce mai yankakkiyar ƙafar nan. Na tarar da uwa, wadda ke hana kanta abin da ranta ke kuka a kai saboda akwai ƙaramin ido a bayanta. Irin wannan ba a ɗauko ta a mayar da ita ɗakin uwarta. Tana gidanta, kuma ita ke riƙe da shi.