Baba Issaka da gadarsa ta katako

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Baba Issaka ya rasu.

Da safen nan ina tsaye a Fordham Road ina jiran bas, mai kula da gininmu ya kira ni. Ya ce sun yi ta ƙwanƙwasa ƙofa shiru, da suka buɗe suka tarar da shi zaune a kujera, rai ya yi halinsa. Ba kowa a wajensa.

Bas ta zo ta wuce, ban iya shiga ba.

Ga waɗanda ba su san shi ba, maƙwabcina ne a Concourse Village, nan Bronx a birnin New York. Dattijo ne ɗan Zangon Kumasi. Matarsa ta daɗe da rasuwa, 'yarsa tilo tana can gida, sai dai su ga juna a waya.

Farkon zuwana garin nan ban san kowa ba. Ya gan ni zan fita cikin sanyi da 'yar rigar da na zo da ita daga Kano, ya ce, "Bakano, haka za ka fita? Garin nan ba ya wasa." Ya koma ɗaki ya ɗauko mini jaket ɗinsa.

Ran Juma'a kuwa sai in dawo daga aikina na asibiti in tarar da waake, shinkafa da wake irin na Kumasi, a leda, rataye a ƙofata. Bai taɓa tsayawa a gode masa ba.

Kowa da tuƙin tasi ya san shi. Kaɗan ne suka san kafinta ne tun yana saurayi, kuma tun da ya zo Amurka bai sake riƙe zarto ba.

Sai wata rana ya kai fasinja wani ƙauye mai nisa, arewa da birni. A hanyar dawowa ya ga wata tsohuwar gada ta katako, da rufi da bango, kamar dogon zaure a kan rafi. Tun zamanin keken doki aka gina ta, aka rufe ta don kada ruwa da dusar ƙanƙara su ruɓar da ita. Ambaliya ta ci gefe ɗaya, har ana maganar rushe ta a zuba ta siminti, amma wasu tsofaffin ƙauyen suka ce ba su yarda ba, da hannunsu za su gyara.

Ya tsaya yana kallonsu. Ya ce da ƙanshin katako ya bugi hancinsa, bai san lokacin da ya kashe mota ba.

Tun daga ranar, duk Lahadi yana can. Suna cire ruɓaɓɓe suna sa sabo, suna fere ƙusoshin katako irin na masu ginin farko. In Azahar ta yi ya sauka bakin rafi ya yi alwala, su kuma su ajiye guduma har ya idar.

A masallaci ana tsokanarsa, wai ya bar New York ya koma yi wa Turawan ƙauye aikin banza. Murmushi kawai yake yi.

Haɗuwarmu ta ƙarshe mai tsawo watan jiya ce. Idonsa ya yi rauni, ya daina tuƙi, ya roƙe ni in kai shi. An riga an gama gyara, mutane suna wucewa da kekuna da karnukansu. Ya shiga a hankali yana shafa katakon, ya nuna mini wani ginshiƙi ya ce, "Wannan ni na sa shi."

Muka zauna a bakin ruwa. Can ya ce, "Bakano, na kai mutane ko'ina a birnin nan, babu wanda ya tambayi sunana. Nan kuwa in ban zo ba, sai an kira a ji ko lafiya."



Ɗazu na kira Carol, tsohuwar da ke jagorantar masu gyaran, na faɗa mata.  Sai ta tambaye ni ko an yarda waɗanda ba Musulmi ba su zo jana'iza. Ta ce za su taho a mota ɗaya, ko daga nesa ne su tsaya.

'Yarsa ba za ta samu zuwa ba. Ta ce mini cikin kuka, "Yaya, kada ku bar babana shi kaɗai."

Gobe bayan Azahar za a yi masa salla a masallacinmu na unguwa. Ba shi da ɗan'uwa ko ɗaya a ƙasar nan. Duk wanda ke Bronx, har da 'yan'uwa na unguwar Stapleton, don Allah a daure a zo mu cika masa sahu.

Allah ya jiƙan Baba Issaka, ya yafe masa, ya haskaka kabarinsa, ya ɗebe masa kewa a can. Allah ya ba 'yarsa haƙuri.

Wanda ba zai iya zuwa ba, ya ambaci sunansa a sujada.