Gaisuwar da na yi wa hassada a Sparkbrook

Mun tashi da asuba daga unguwarmu ta Moss Side, ni da jikata 'yar shekara tara, muka hau motar Birmingham. Shayin tasha fam uku ne, kuma ruwan zafi ne kawai aka nuna wa ganye. Hanya sumul kamar ta Jamus, cunkoso irin na Legas, sai dai ba mai danna ham.

Suna za mu je gidan abokina na ƙuruciya. Ya sha gaya mini a waya cewa jikokinsa na jin Hausa kamar a Fagge aka yanke musu cibiya. Don haka tun a mota nake wa tawa bita: ta durƙusa, ta ce ina kwana.

Titin Stratford Road da ke unguwarsu ta Sparkbrook ya tuna mini Karachi, ƙamshin gasasshen nama da shagunan yadi ko'ina. Muna shiga gidan, jikokinsa suka zube ƙasa, har da "ya gajiyar hanya, Baba?" Tawa kuwa ta ɗaga hannu daga tsaye, ta gaida abokin nawa da Turanci. Na ga murmushinsa, raina ya yi baƙi. A gaban mutane na ce mata, "Haka na koya miki?" Ta shige cikin mata, ba ta sake kallona ba. Tuwon shinkafa da miyar taushe sun yi kyau, amma loma biyu na yi na tashi.

A lambun bayan gida na tarar da maƙwabcinsa, tsohon likita ɗan Sri Lanka, mabiyin addinin Buddha. Na taɓa zama a Colombo ta ƙasarsu, sai hira ta ɓarke. Ashe ya ga abin da ya faru. Ya ce a koyarwarsu tushen wahala ƙishirwa ce, ta son abin da ba ya hannunka, kuma ruwan gishiri take sa ka sha. Har zama suke yi su horar da zuciya ta taya wani murnar rabonsa. Na ce ai mu ma mun san kwaɗayi mabuɗin wahala.

Ya yi dariya. "Sani ba wuya. Nawa jikokin a waya kawai nake ganinsu. Tun da kuka shigo nake kallon hannunta cikin naka."

A hanyar dawowa ta juya fuska wajen taga har muka wuce garin Stoke. Na ce, "Amarya, fushi ake da ango?" Can ta fizge hulata ta kafa a kanta, ta ce da gurguwar Hausarta, "Tsoho, ni ba aure kai."

Mun iso gida bayan la'asar. Ba zan ce na warke ba, gaisuwar yaran nan tana yi mini yawo a kunne har yanzu. Abin da tafiyar ta koya mini shi ne, garin hangen ƙwaryar wani na kusa kifar da tawa. Hular tana wurinta, ban kuma nema ba.