Sunan da Ɗelu Ba Ta Faɗa

Tana cikin juya tarwaɗa a kan ragar banda, ba ta ko ɗago kai ba, ta ce, "Nawa?"

Farida, matar ɗanta, tana tsugune a gindin katanga, wurin da rezo, wato layin waya, ya fi kamawa a duk gidan. Ta kare fuskar wayar da gefen mayafi saboda rana.

"Arba'in da ɗaya, Inna."

"Jiya fa?"

"Talatin da takwas."

"To, mutum uku sun ƙaru. Allah ya yi musu albarka."

Biyu daga cikin ukun nan ita ce da kanta, don ta sake buɗe bidiyon bayan sallar asuba, ta kuma buɗewa da ta gama shara. Ɗelu ta ƙara ice a wuta, hayaƙi ya taso ya rufe ta har kafaɗa. Shekara arba'in tana shaƙar hayaƙin nan, ya rina mata tafin hannu, ya sa idanunta kullum cikin ruwa, har mutanen unguwa ba sa iya gane ranar da take kuka da ranar da aiki ne kawai.

Ɗiyar masunta ce, a bakin tafkin Madarumfa aka haife ta, inda itatuwa ke tsaye cikin ruwa har ƙugu, balbela na sauka a kansu kamar an shanya wanki. Ta auri masunci, Mahaman, ta haifa masa biyar, uku suka koma tun suna goye, ɗaya tana aure can wajen Gabi. Mahaman kansa ƙirji ya kwantar da shi wata damina, bai tashi ba. Wanda ya rage mata a gida shi ne na farin, Ashiru.

Ɗan fari kuwa ba a kiran sunansa. Haka uwarta ta yi, haka kakarta. Ranar suna, da aka raɗa, Ɗelu ta ja zane ta rufe fuska, kuma tun daga ranar sunan bai taɓa ratsa haƙoranta ba. In tana nemansa sai ta ce "kai", in tana zancensa ta ce "wancan". Yana ƙarami in ya faɗi a gaban mutane, sai ta kau da kai ta bari maƙwabciya ta ɗauka. Amma kullum da yamma akwai kan kifi mafi girma a ƙarƙashin faifai, a bayan randa. Ba ta taɓa cewa na wane ne ba, shi ma bai taɓa tambaya ba, ci kawai yake ya mayar da faifan.

Shekarar da aka rufe iyaka, kifin banda ya daina ƙetarawa kasuwannin Nijeriya, tafkin kuma ya yi rowa. Ashiru ya naɗe komarsa ya rataye a zaure, ya bi motar masu zuwa haƙar zinari can arewa, gaba da Agadas. Wata biyar yana kira duk Juma'a. Yakan yi magana da Farida, sannan ya ce a gaida mutanen gida. Ɗelu na nesa tana tsintar ƙaya, kunnenta na wajen, bakinta na cewa, "Ki ce mishi an amsa." Daga nan wata Juma'a ta zo wayar ba ta yi ƙara ba. Lambarsa ta mutu. Damina biyu ta wuce a haka.

Farida ce ta kawo shawarar bidiyo. Ta ga ana cigiyar mutane a manhajar nan da ake ture hoto da ɗan yatsa wani ya hau, ta ji an ce har a ramukan zinari ana kallo. Ba ta yi lakwal ba, ba ta iya rubutun boko ba, amma ta san lambobi, ta san inda ake dannawa. Sai suka fara. Ɗelu ba ta yarda a nuna fuskarta ba, don haka hannuwanta ake ɗauka suna juya kifi, da wani tsohon hoton katin shaidar Ashiru da ruwa ya taɓa, an jingina shi da murhu. Muryarta na fitowa daga sama tana cewa, "Jama'a, muna cigiyar yaron gidanga. Ya tahi arewa. Wanda ya gan shi, don Allah ya ce mishi ana nemanshi." Farida ma ba za ta iya faɗin sunan miji ba, balle a gaban uwarsa. Mata biyu suna neman mutum guda, kuma duk duniya su biyun ne ba su da izinin kiransa.

Bidiyo goma sha tara suka yi. Babu wanda ya haura sittin.

Ranar wata kasuwa Ɗelu ta kai wayar caji wurin Ɗanladi, taubashinta, ɗan kawunta, wanda ke da tebur da farantin hasken rana a bakin tasha. Tsoho ne mai furfura da bakin tsiya, kuma tun suna yara ba su taɓa gaisawa ba tare da zagi ba.

"A'a, ga baiwata, ga tauraruwar waya! Yau mutum nawa suka kalli kifinki?"

"Kai dai jona mini, bawan banza. Gemunka kamar tsintsiyar da akuya ta ci."

"Ni na kalla sau huɗu, wallahi yunwa kawai ya sa mini. Ɗelu, ke kin ɓoye fuska, kin ɓoye suna, hoton kuma ko ni da na yi mishi wanka ban gane shi ba. Mi za a kalla? Yaron gidanga! Duk gidan da ke ƙasar nan akwai yaron gidanga da ya tahi arewa."

"To kai da bakinka ba ya da ƙofa, ka faɗa mana."

Ya faɗa ɗin. Ya gyara hula ya tsaya gaban teburinsa, ya karanto suna da sunan uba da unguwa kamar mai shela, aka ɗauke shi a waya. Kwana bakwai bidiyonsa ya samu mutum saba'in. Da ta koma, bai tsokane ta ba, abin da ya fi ba ta tsoro ke nan.

"Irina sun yi yawa a ciki," ya ce yana kallon wayoyin da ke gabansa. "Tsoho ya tsaya yana cigiya, yatsa wucewa yake. Mutanen nan ba sa tsayawa sai sun ga abin da ba su taɓa gani ba. Wasu rawa suke, wasu zagi. Ke abu guda gare ki, kin kuma san shi."

"Allah ya tsare ni," in ji Ɗelu. Ta fizge wayar ta tafi, cajin ma bai cika ba.

Bayan an yanke gero, mahaifin Farida ya zo daga Ɗan Issa. Ya zauna a zaure ƙarƙashin komar da gizo-gizo ya saƙa wa tasa, ya yi gaisuwa mai tsawo, sannan ya faɗi abin da ya kawo shi a hankali. Ɗiya ba ta zama haka, ba matar aure ba, ba bazawara ba. In watan gobe ya kama ba labari, zai je wurin malamai a duba abin da shari'a ta ce, ya ɗauki ɗiyarsa. Ɗelu ta ce gaskiyarsa ce. Ta san kuma wayar ta Farida ce, hannun da ya iya ta ma na Farida ne. Ranar da yarinyar ta fita, ƙofar da Ɗelu ke leƙen arewa ta cikinta ta rufe ke nan.

Washegari da hantsi ba ta hura wutar banda ba. Ta yi wanka, ta ɗaura zanen da take zuwa suna da shi, ta zauna a kan turmi a tsakar gida.

"Ɗiyata, ɗauko abin nan. Yau fuska za ki ɗauka."

Farida ta ɗaga wayar. Ɗelu ta kalli ɗan baƙin idon da ke bayan wayar, ta buɗe baki, babu abin da ya fito. Ta sake buɗewa. Kaza ta ratsa ta gabanta. Can sai ta ce, da wata murya da ba ta san tana da ita ba:

"Ni ce Ɗelu mai banda, ta Madarumfa. Ɗan fari gare ni. Shekara talatin da ɗaya ban taɓa kiran sunanshi ba, kun san al'ada. Yau zan kira, ku yi mini shaida, in kunya ce ta kashe ni." Ta gyara zama. "Ashiru. Ashiru na Mahaman. Ashiru, ni ce. Kan kifinka na nan bayan randa."

Sunan ya fito mata da nauyi, kamar ta ciro ƙugiya daga maƙogwaro. Farida ta danna, ta ajiye wayar a ƙasa, ta shige ɗaki da gudu.

Kafin la'asar mutum ɗari tara sun gani. Kashegari dubu goma sha biyu. Rana ta uku Farida ta kalli lambar ta ce ba ta san yadda ake faɗinta ba, sai da aka kai wa Ɗanladi ya ce dubu ɗari biyu da wani abu. Ɗelu ta tambaya ko sun kai mutanen Maraɗi yawa, ya ce sun yi kusa.

Ba duka alheri suka zo da shi ba. Wasu sun yi kuka sun yi addu'a. Wasu sun ce tsohuwa ta sayar da kunyarta don a san ta. Wasu samari a wani gari suka ɗauki muryarta suka ɗora a kan kiɗa, suna rawa suna "Ashiru, ni ce". A rijiya mata sukan yi shiru in ta iso, wata sa'arta ta ce mata a fili, "Ɗelu, da girmanki?" Ta ɗebi ruwanta ta wuce. Masu ƙarya ma sun kira: wani ya gan shi a Libiya, wani a Kano yana tura baro. Duk wanda ya kira sai ta ce a tambaye shi wane yatsa ne Ashiru ya rasa, daga nan sai layin ya yanke.

Rana ta tara, bayan azahar, suna ɗaki suna gyaran wake, saƙon murya ya shigo. Farida ta danna. Muryar namiji ce, da harshen mutanen Damagaram, iska na kaɗawa a bayansa.

"Salamu alaikum, Inna. Sunana Rabi'u. Matata ta nuna mini ke. In Ashirun da ƙugiya ta cire wa ɗan ƙaramin yatsan hagu ne, to rami guda muka yi aiki. Inna, sai haƙuri. Ramin ya rufta da su su huɗu, cikin azumin bara waccan. Mun tono su, mun yi musu sallah, mun rufe su da hannunmu. Wayarshi ta farfashe a ciki. Mu Ashiru kawai muka sani, mun san ta wajen Maraɗi yake, ba mu san gida ba. Na yi ta tambaya ban dace ba."

Saƙon ya ƙare, wani ya biyo baya, gajere.

"Abin da ya sa na tabbata, ko ban da zancen yatsa, yakan ba mu labarin kan kifi. Yakan ce tunda aka haife shi bai taɓa jin sunanshi a bakinki ba, wai in ya koma da zinari sai ya biya ki kin faɗa sau ɗaya. Da dariya yake faɗi, Inna. Wallahi da dariya."

Farida ta kifa kai a gwiwa. Kukanta bai da ƙara, kafaɗunta ne kawai ke motsi. Ɗelu ta ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un, ta maimaita, sannan ta ci gaba da tsince waken da ke tafinta har ya ƙare, ta zuba a ƙwarya. Azumin bara waccan. Ke nan tun kafin su yi bidiyon farko ƙasa ta riga ta rufe kunnen da take kira.

Ta matsa kusa da yarinyar, ta zare mata 'yan kunne ɗaya bayan ɗaya, a hankali, don takaba ta kama ta. Ta ƙulle su a bakin zanenta.

Wayar na kwance a kan tabarma, fuskarta na haskawa tana dushewa, tana haskawa. Mutane na ta shigowa. Farida ta ɗago da jajayen idanu, ta kalle ta don sabo, ta buɗe baki za ta faɗi lambar.

"Bari," in ji Ɗelu. "Ya isa. Wanda ya kamata ya gani ya gani."

"In goge shi, Inna?"

Ɗelu ta daɗe tana kallon wayar. A ciki akwai wata tsohuwa a kan turmi, tana kiran ɗanta, in ta gama ta koma farko ta sake kira, ba ta gajiya, ba ta jin kunya.

"Bar ta ta yi ta kira," ta ce. "Ni sau uku kawai na samu."

Ta dafa bango ta miƙe, gwiwoyinta suka yi ƙara. Akwai liman da za a gaya wa, akwai Ɗanladi, akwai mutumin Ɗan Issa da ba sai ya je wurin malamai ba yanzu. Ta ja mayafi ta rufe kai. A bakin ƙofa ta tsaya, ta sunkuya bayan randa ta ɗaga faifan, ta ɗauki kan kifin jiya da ba wanda ya taɓa. Ta riƙe shi cikin tafinta, ta ɗaga labule, ta fita.