Tsoho Kuang da Tukunyar Jarirai

Duk birnin Chongqing na ƙasar Sin ban san mai baki irin na Tsoho Kuang ba. Direban bas ne da ya yi ritaya, kuma tun muna da baƙin gashi muke haɗuwa ran Asabar a shagon Yaya Tan, mu kewaye tukunya tana tafarfasa da kitsen shanu da jan barkono, kowa na tsoma yankan tumbi a ciki yana dafawa da kansa.

Akwai wata tukunyar mai shamaki a tsakiya, rabi jan romo, rabi fari marar yaji, wadda baƙi ke nema. Kuang ne ya laƙaba mata suna tukunyar jarirai. Duk wanda ya ce a kawo masa ita, sai ya ɗaga murya: "Yaya Tan, haɗo masa da madara!" Shago ya ɗauki dariya.

Bana likita ya gano gyambo a cikinsa, ya ce in bai bar yaji ba, zai zubar da jini. Matarsa ce ta tsegunta mini, shi ko ɓoye mana ya yi. In ya daina zuwa, a ce ya tsufa. In kuma farin romo zai nema, bakinsa ya riga ya toshe masa hanya. Sai ya koma ɗauraye nama a kofin shayinsa a ɓoye, shayin ya yi jawur. Abin ya ba ni tausayi, ya kuma ba ni haushi.

Ashe Yaya Tan ta lura. Ran nan ta dire mana mai shamakin, ta juya farin gefen wajensa.

"Ku yi haƙuri, 'yan'uwa, sauran tukwanen duk suna kan wuta."

Kowa ya gane, kowa ya shirya yin kamar bai gani ba. Sai wani a teburin baya, wanda Kuang ya taɓa yi wa tsiya, ya leƙo: "Kawu Kuang, a kawo madarar?"

Kuang ya daki tebur. "Wa ya ce ki kawo mini wannan? Ɗauke ta!"

"Yaya Kuang, don Allah..."

"Ɗauke, na ce!"

Ta ɗauke, ta kawo ja zalla. Ya tsoma tumbi ya kai baki, ana yi masa tafi, yana dariya, gumi na zuba. Ni da ke gefensa na ga ɗayan hannun a ƙarƙashin tebur, ya damƙe ciki da shi.