Karan Shinkafa a Lambun Kumandan

Shekarar da aikin dole ya faɗo kaina, lambun kumandan na Gaya aka tura ni, in kula da abarbar da aka kawo masa daga Dahome. Ban taɓa ganin irin shukar ba. Tulu goma nake juye mata da safe, kafin azahar ƙasa ta tsage. Ganye ya fara ja, na kuwa san bulala ke jirana.

Sai na yi mata abin da uwata ke yi wa albasarta a Tunuga, na lulluɓe gindinta da karan shinkafa. Gardin da ke tsaronmu ya ce na mai da lambun Bature juji, in share ko in sha duka. Na share, amma na bar layin bayan katanga, inda ƙafarsa ba ta cika zuwa ba. Da la'asar nakan cusa hannu ƙarƙashin karan, in ji ƙasa da danshinta.

Layukan da na share suka ƙone. Na bayan katanga ya yi 'ya'ya manya. Gardin da kansa ya yanki ta farko ya kai wa kumandan. Ni har aka sallame ni ban san ɗanɗanonta ba.