Jiƙaƙƙun Buhunan Spasija

Shekara arba'in gwaggona Spasija ta yi tana zira ganyen taba a zare, kuma duk garinmu Prilep an san hannunta. An san bakinta ma. Ko barkono ta ƙona, murhu ne da laifi.

Da taba ta daina riƙe gida, sai muka kama aiki a gonar wiwi ta magani, mai lasisin gwamnati. Aka sa ta ɗakin shanya tare da Ristana, wadda suka shekara talatin suna musun wa ta fi iya taba. Ristana ce ke kula da na'urar iska.

Wata safiya gwaggo ta murza fure ɗaya, ya marmashe. Ta yi tsaki. Mu a wajenmu, in taba ta bushe ƙayau, ɗaki mai laima ake kai ta ta yi laushi kafin a ɗaure. Ba ta tambayi kowa ba, ta jiƙa buhuna shida ta shimfiɗa ƙarƙashin katakon shanya. Kwana biyu furen ya yi laushi gwanin sha'awa. Ta kwashe buhunanta, aka zuba furen a durom aka rufe.

To, ganyen taba falle ɗaya ne, furen wiwi kuwa dunƙule ne, in ya sha danshi sai ya ɓoye shi a ciki. Bayan kwana goma aka buɗe, wari ya buge mu. Zorka, injiniyarmu, ta ɓare ɗaya, ga fumfuna fari fat a tsakiya. Marasa lafiya ake yi wa, don haka duka sai wuta.

Ta tara mu, ta dubi Ristana. "Inna, na'ura a hannunki take. Ajiye rigar aiki."

Ristana ta yi tsuru-tsuru, ga miji kwance ba lafiya a gida. Ni kaɗai na ga buhunan nan. Amma na ja bakina na yi gum, har yau ina jin kunyar wannan shirun.

Gwaggo ta miƙe. "'Yata, ƙyale ta. Wannan ko tsumma ba ta iya jiƙawa, balle buhu shida. Ni ce."

"Wa ya sa ki, Inna?"

"Taba ta sa ni. Na ɗauka duk ganye ganye ne."

Ba a kore ta ba. Zorka ta yi abin da ya fi kora ciwo, ta ce ta koma koyo a ƙarƙashin Ristana. Na rantse ba za ta dawo ba.

Washegari ta riga kowa zuwa. Ristana ta miƙa mata reshe. "Karya tsinken, ɗaliba. In ya ce ƙas, ya yi. In ya lanƙwashe, da saura. Sannan ki duba ma'aunin laima, ba yatsunki ba."

Gwaggo ta karya, ya lanƙwashe. Ta duba ma'aunin, ta daɗe tana kallonsa.

"Da saura, malama," in ji ta.

Ristana ta buɗe baki za ta yi dariya, sai kuka ya ƙwace mata.